Yadda Aka Yi Kaza Ta Kai Ga Ƙwai 300 A Shekara

Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan karin magana ya nuna mana cewa tun kaka da kakanni Bahaushe ya san darajar ƙwai, ya kuma san ba kullum ake samunsa ba. A da, in ka ga ƙwai jibge a kasuwa, to, damina ce ta sauka, kuma yawancinsa na zabi ne. Ƙwan kaza ba a cika sayar da shi ba, sai a bar mata ta kwanta a kai. A yau kuwa duk teburin mai shayin da ka je, rani da damina, sai ka tarar an jera kiret bisa kiret. To, ina wannan ƙwai ya fito? Me ya sami kaza har ta zama haka?

Niyyata a wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda abin ya faru. Abu biyu ne suka kawo wannan sauyi, watau zaɓen iri da gyaran abinci. Iri shi ne ke yanke iyakar ƙwan da kaza za ta iya yi, abinci kuwa shi ke kai ta ga wannan iyaka. Ya kamata mu fahimci wannan sosai, gama mutane da yawa sun zuba kuɗinsu a kiwon kaji sun yi hasara, domin sun riƙe ɗaya sun saki ɗayan.

Asalin Kaza

Kazar da muke kiwo jikar wata tsuntsuwar daji ce wadda har yanzu tana nan cikin kurmin ƙasashen Asiya ta kudu maso gabas, kamar su Tailan, har zuwa Indiya. Zakaranta ja ne, da ka gan shi sai ka ce na ƙauyenmu ne, sai dai ya fi namu ƙanƙanta da tsoron mutane, yana kuma iya tashi sama kamar zabo. Macen takan yi ƙwai 5 ko 6 a sheƙarta a ƙasa, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. A shekara duka da ƙyar take wuce ƙwai 10 zuwa 15. Wannan ya ishe ta, tun da don ta bar baya kawai take yi.

A shekarar 2022 masu binciken kayan tarihi suka bayyana cewa ƙasusuwan kajin gida mafi tsufa da aka tabbatar, an tono su ne a wani wuri da ake kira Ban Non Wat a ƙasar Tailan, kuma sun haura shekara 3,000. Suna ganin gonakin shinkafa da na gero ne suka jawo tsuntsayen daga kurmi zuwa kusa da gidajen mutane. Ashe tun ran farko abinci ne ya haɗa kaza da ɗan Adam. Daga can fatake da matuƙan jiragen ruwa suka yi ta yaɗa ta, har ta iso Afirka. A Habasha an tono ƙasusuwan kaji da suka wuce shekara 2,500.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi wa kaza wadda duk wannan labari ya rataya a kanta. In kaza tana ƙwai, aka riƙa kwashewa ana bar mata ɗaya ko biyu, ba ta saurin dainawa, sai ta ci gaba da yi tana neman ta cika sheƙa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Da ba don wannan hali ba, da babu dabarar da za ta sa ta yi ƙwai shekara guda ba tsayawa.

Lissafin Kazar Gida

Kafin mu je ƙasashen waje, bari mu yi wa kazarmu ta gida lissafi. Takan fara ƙwai tana da wata 6 ko fiye. Sai ta yi kamar ƙwai 10 zuwa 15 cikin mako 2 ko 3. Daga nan sai kwanci, kwana 21 cur. In ta ƙyanƙyashe, sai ta yi wajen wata 2 tana yawo da 'yan tsaki, tana yi musu tono, tana kare su daga shirwa da shaho. Bayan ta yaye su kuma sai ta ɗan huta ta mai da jiki. In ka tara duka, ka sami wajen wata 4. Ke nan sau 3 za ta yi wannan zagaye a shekara. Ƙwai 13 sau 3 ya kama 39. Wannan ya yi daidai da abin da masana suka ƙiyasta, cewa kazar ƙauye a Afirka takan yi tsakanin ƙwai 30 zuwa 60 a shekara, kowane ƙwai kuma nauyinsa giram 35 zuwa 40.

Kada wani ya ce ragwanci ne. Kaza ɗaya ce ke yin ƙwan, ita ke kwanci, ita ke reno, kuma ita ke fita neman abin da za ta ci a juji da gindin turmi. A cikin kwana 365, kwana 40 kaɗai ke nan ta samu na yin ƙwai.

A ganina wannan ƙarancin ne ya haifi maganar nan da akan yi a wasu gidaje, wai in yaro yana cin ƙwai zai koyi sata. In ƙwai 40 ne kaɗai a shekara, kowane ɗaya kaza ce ta gobe, dole a nemi hanyar da za a kau da idon yara daga kansa. Amma likitoci sun tabbatar da cewa ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro. Saboda haka yawan ƙwai ko ƙarancinsa magana ce da ta shafi lafiyar ƙannenmu.

Zaɓen Iri

Matakin farko shi ne ɗauke wa kaza aikin kwanci. Mutanen Masar ne suka riga kowa. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce suna gina ɗakuna na tubali, su hura wuta kaɗan-kaɗan, su jera dubban ƙwai, suna juya su da hannu har su ƙyanƙyashe. Can baya, wajen ƙarshen ƙarni na 19, aka ƙera injin ƙyanƙyasa mai aiki da fitilar kananzir a Turai da Amurka, kana masu aiki da lantarki suka yaɗu daga wajen 1920 zuwa 1930. Da inji ya karɓi kwanci da reno, sai masu kiwo suka koma neman kazar da ba ta son kwanci sam.

Sun same ta kuwa. Akwai wata ƙaramar kaza ta ƙasar Italiya da aka kai Amurka cikin ƙarni na 19, ana kiranta Leghorn, sunan da Ingilishi ke kiran tashar jiragen ruwan Liborno. Ba ta da cin abinci da yawa, ba ta cika kwanci ba, ƙwanta fari. A Amurka kuma aka fitar da wata jar kaza mai jiki, Rhode Island Red, mai ƙwai ruwan ƙasa. Yawancin kajin ƙwai na duniya a yau jikokin waɗannan ne da 'yan'uwansu. Ƙwai ruwan ƙasa da muke gani a kiret a kasuwanninmu daga zuriyar jar kazar nan ya fito.

To, amma in kana da kaji 100 a ɗaki ɗaya, yaya za ka san wadda ta fi yin ƙwai? Duk suna kyarkyara, ba duka ke yi ba. Sai aka ƙirƙiro akurki mai tarko. In kaza ta shiga yin ƙwai, sai ƙofa ta rufe da kanta, ba ta fita sai mai kiwo ya zo ya buɗe. Kowace kaza an sa mata zobe mai lamba a ƙafa. Sai ya duba lambar, ya rubuta a littafi, ya sake ta. Da shekara ta zagayo ya san abin da kowace ta yi. Wannan ɗan akwatin katako da littafin rubutu su ne suka mai da kiwon kaji ilmi, gama a da da ido ake zaɓe, a dubi kyan gashi da tsayin tukku.

Duk da haka abin bai zo da sauƙi ba. Daga 1898, a tashar gwajin aikin gona ta jihar Maine a Amurka, aka shiga zaɓen kajin da suka fi yin ƙwai, ana ƙyanƙyashe nasu kaɗai. Aka yi wajen shekara 10 ana yi, da aka duba littafi sai aka ga yawan ƙwai bai ƙaru ba. Wani masani mai suna Raymond Pearl ya zauna ya bi lissafin. Darasin da aka koya shi ne, ƙwan da kaza ta yi ba shi kaɗai ke nuna irin 'ya'yan da za ta haifa ba. Wata ta yi ƙwai da yawa ne don ta dace da abinci da lafiya a wannan shekara. Ga shi kuma zakara ba ya ƙwai, alhali rabin gado daga gare shi yake. Sai aka koma auna kaza da zakara da abin da 'ya'yansu mata da 'yan'uwansu suka yi. Zakaran da 'ya'yansa suka yi ƙwai da yawa, shi ake ajiyewa. Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma su sai da suka ga gudun ɗan kafin su yarda da barewar.

Daga nan aka fara ganin ci gaba. A 1913, a kwalejin aikin gona ta jihar Oregon, wata kaza da wani malami James Dryden ya kiwata ta yi ƙwai 303 cikin kwana 365. Labarinta ya cika jaridu, domin a lokacin abin al'ajabi ne. A 1979 kuma, a jami'ar Missouri, wata farar Leghorn ta yi ƙwai 371 cikin kwana 364, watau akwai ranakun da ta yi biyu.

Amma gwanar kaza ɗaya ba ta cika kasuwa. Abin da ake bukata shi ne dubban kaji su yi daidai wa daida. Dabarar wannan daga manoman masara aka aro ta. An gano cewa in aka ware dangogi biyu, aka tsarkake kowane shekara da shekaru, sa'an nan aka haɗa su aure, 'ya'yan farko sukan fi iyayen duka biyu ƙarfi da yabanya. A 1936 mutanen gidan Wallace, waɗanda suka shahara da irin masara, suka fara gwada wannan a kan kaji, daga nan aka sami kajin Hy-Line. A Faransa kuma aka fitar da ISA Brown a 1978. Irin waɗannan su ne muke kira kajin Turawa ko kajin gidan gona. Akan haɗa dangogi har 4 kafin a sami 'yar tsakuwar da ake sayar wa manomi. A jajayen irin har an shirya gadon yadda tun ran ƙyanƙyasa za a gane mace da namiji da launi, matan ja-ja, mazan fari-fari.

Ga yadda lissafi ya tashi a Amurka, inda aka daɗe ana rubutawa. A wajen 1925 kaza takan yi ƙwai 100 da 'yan kai a shekara. Zuwa 1960 ta wuce 200. A yau tana kusa da 300. Kazar zamani takan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, ƙwanta giram 60 ne, kuma kamfanonin iri suna tallar kajin da za su yi ƙwai 500 kafin su cika mako 100 da haihuwa.

Gyaran Abinci

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwai 300 masu giram 60 sun kama kilo 18, alhali kazar kanta ba ta wuce kilo 2 ba. Watau a shekara tana fitar da abin da ya ninka nauyinta sau 9. Duk wannan daga bakinta ya shiga. Kaza kamar injin niƙa take, abin da ba a zuba ba ba ya fita.

Kowane ƙwai yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma wajen awa 20 daga ciki ɓawo ake yi, yawanci da dare. A cikin ƙwai ɗaya akwai furotin, watau abin da ke gina jiki, giram 6 zuwa 7. Ɓawon kuma yana ɗauke da giram 2 na kalsiyam, sinadarin da ake yin ƙashi da shi. Wannan giram 2 ya kai wajen kashi 1 cikin 10 na duk kalsiyam ɗin da ke jikin kaza. In ba ta samu a abinci ba, sai ta ciro daga ƙashinta. Shi ya sa kazar da ba a ba ta abin yin ɓawo take yin ƙwai mai laushi, daga baya ta gurgunce, ko ta shiga fasa ƙwanta tana sha.

Abin mamaki, kaji ne suka taimaki mutum ya gano bitamin. Wajen 1890, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe tas suna shanyewar ƙafa, amma in aka mayar musu da dusar sai su warke. Ashe akwai wani abu a cikin dusa da jiki ba ya yi sai da shi. Wannan ne ya buɗe hanyar gano bitamin, aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Mu da muke surfe hatsi mu ba dabbobi dusa, ya kamata mu yi tunani a kan wannan.

Wajen 1922 aka gano bitamin D, wanda jiki ke yi in rana ta taɓa shi, kuma sai da shi kalsiyam ke shiga ƙashi da ɓawo. Kafin wannan, in aka kulle kaji a ɗaki a ƙasashen sanyi sai ƙafafunsu su lanƙwashe. Da aka fara zuba musu man hantar kifi a abinci sai aka iya tsare dubbai a ɗaki shekara duka. A 1948 kuma aka gano bitamin B12. Shi ne abin da kazar gida ke samu in ta ci gara da tsutsa da fara. Da aka iya yinsa a masana'anta, sai ya yiwu a haɗa abincin kaji da hatsi da waken soya ba sai an nemi nama ko kifi ba.

Abincin kajin ƙwai na yau aunannen abu ne. Fiye da rabinsa masara ce ko dawa, don ba da ƙarfi. Sai waken soya ko ƙuli-ƙuli, don furotin ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin 100. Sai garin dutsen farar ƙasa ko ɓawon ƙumba da garin ƙashi, don kalsiyam ya kai wajen kashi 4 cikin 100. Sai dusar alkama, da gishiri kaɗan, da garin bitamin. An kuma raba shi hawa uku: na 'yan tsaki har zuwa mako 8, na masu tasowa har su kusa fara ƙwai, sa'an nan na masu ƙwai. Kaza ɗaya takan ci giram 110 zuwa 120 a rana, ta sha ruwa wajen ninki biyu na wannan. Da abinci kilo 2 da ɗan ɗoriya take ba da ƙwai kilo 1.

Ba yawan abinci kaɗai ake dubawa ba, har da tsabtarsa. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil ne ya yi funfuna, funfunar kuwa tana da dafi. Wannan gargaɗi ne gare mu da muke ƙasar gyaɗa da masara. Duk hatsin da ya yi funfuna, da ƙuli-ƙulin da ya sha danshi, ba abincin kaza ba ne.

Haske ma yana da nasa aiki. Tsawon rana ne ke gaya wa jikin kaza lokacin yin ƙwai ya yi. Kajin gidan gona suna son haske awa 14 zuwa 16 a rana. Mu a nan ranarmu ba ta nisa da awa 12 rani da damina, shi ya sa ake kunna musu fitila da asuba ko bayan magariba.

In kana son ka ga aikin iri da aikin abinci a wuri ɗaya, ɗauki ƙwai ka duba. Launin ɓawo na iri ne, kome ka ba Leghorn fari za ta yi. Launin gwaiduwa kuwa na abinci ne. Kazar da ke cin jar masara da ɗanyen ganye gwaiduwarta takan yi ja, wadda ke cin farar masara tata takan yi fari-fari.

Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu

Wannan ci gaba bai zo a banza ba. Kazar da ke ƙwai kusan kullum ƙashinta yakan yi rauni, da yawa sukan sami karaya a ƙashin ƙirji. An kuma daɗe ana cusa su cikin ƙananan keji inda ko fiffike ba sa iya miƙewa, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana irin wannan keji daga 2012. Mazan 'yan tsakin irin ƙwai ba sa saurin yin nama, saboda haka a ƙasashe da yawa kashe su ake yi ran da aka ƙyanƙyashe su. Jamus ta hana wannan daga 2022. Mu a Nijeriya da yawansu kiwata su ake yi a sayar, wannan kuwa ya fi.

Akwai kuma abin da ya fi shafar manomi. Kazar gidan gona ba ta kwanci. Ko ka sa wa wata kaza ƙwanta ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba za su yi daidai da uwar ba, domin amfanin haɗin nan a 'ya'yan farko ya fi ƙarfi. Dole duk zagaye ka koma ka sayi sababbin 'yan tsaki. Asalin dangogin kuwa yana hannun kamfanoni ƙalilan, manyansu a Jamus da Holan suke. Ga ta kuma da raki. In zafin bazara ya tsananta a watan Maris da Afrilu, sai ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi sirara. In cuta ta shiga ɗakin da aka tara dubbai, sai ta share su. Masu kiwo ba su manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 ba.

Mu A Nan Gida

Masananmu ba su zauna ba. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Bayan shekaru ana zaɓe, ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown a shekarar 2000, wadda aka zaɓa a cikin yanayinmu. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha, da aka yi wa rajista a 2018, wadda ke da jinin kajin gida. A Vom ta jihar Filato kuma ana yin allurar rigakafin cututtukan kaji, har da na annobar nan ta Niyukasil mai share kajin ƙauye, musamman lokacin hunturu.

Kajinmu na gida ma suna da abin da kuɗi ba ya saye. Sun saba da zafi, suna neman abincinsu, suna kwanci da reno. Mai wuya ba gashi da shazumama sun fi jure zafi, domin iska tana ratsa jikinsu. In muka bari irinsu ya ɓace, ba mu da inda za mu koma mu samo.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga iyayenmu, tare da girmamawa. Wanda ke son kiwon kajin gidan gona, ya yi lissafi kafin ya sayi ɗan tsako ko ɗaya. Kowace kaza za ta ci abinci kilo 6 zuwa 7 kafin ta yi ƙwan farko. In sun fara, kaji 100 za su ci kilo 11 ko fiye kullum, watau buhu mai kilo 25 kwana 2 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Abinci shi ke cinye wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Wanda ya sayi irin nan ya ba su dusa zalla don ya rage tsada, zai sami kazar da ba ta ƙwan Turawa, ba ta kuma iya tonon kazar gida. Ya yi biyu babu ke nan.

Wanda kuwa ƙarfinsa bai kai ba, ya riƙe kajinsa na gida ya bi da su ta hanyoyin nan biyu. Ta wajen abinci, a ƙara musu ɗan hatsi da ƙuli-ƙuli da gara da ganyen zogale, a daka musu ƙonannen ƙashi ko gasasshen ɓawon ƙwai, a ajiye musu ruwa mai tsabta a inuwa. A yi musu rigakafi, a tsare 'yan tsaki a akurki har su yi wayo. A bar kaza ɗaya ko biyu su yi kwanci, sauran a riƙa kwashe ƙwansu ana ba yara. Ta wajen iri kuwa, akwai abin da muke yi wanda ke mai da mu baya. In baƙo ya zo ko Salla ta yi, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa a yanka, a bar ƙanƙanin ya gaji gida. Shekara da shekaru muna zaɓen iri, amma a juye. Kamata ya yi a bar ɗan kazar da ta fi ƙwai da reno, a riƙa kuma musayar zakara da wani gida don kada jini ya tsaya wuri ɗaya.

Mu ɗalibai kuma namu aikin shi ne rubutu. Ba sai mun yi akurki mai tarko ba, tun da kajin gida ba su da yawa, kuma kowace an san kamanninta da inda take ƙwai. In mun je hutu, mu ware 'yan shafuka a bayan tsohon littafi, mu ba kowace kaza layinta: ran da ta fara ƙwai, nawa ta yi, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka rayu. In za mu komo makaranta mu bar wa ƙane ko ƙanwa su ci gaba. Cikin shekara 2 gidan zai san kazar da ta cancanci a ajiye da wadda za a kai kasuwa. Da irin wannan ƙirge ne aka taso daga ƙwai 12 na kurmin Asiya har aka kai 300. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.